Rabon Lodi a Tanderun Ƙarfe: Kwatancin Tanderun Zuga na Zamani da Dafa Tama a Ƙasar Hausa

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake raba tama da makamashi a lokacin da ake yi wa tanderun ƙarfe lodi, ta kuma kwatanta tsarin tanderun zuga na zamani da na masu dafa tama na ƙasar Hausa. An dogara da rubuce-rubucen injiniyoyi da na masu binciken kayan tarihi, tare da lissafi mai sauƙi. An gano cewa rabon lodi shi ne rabon gas, domin gas yana bin inda lodi ya bar masa hanya. A faffaɗan tanderu ana yin wannan rabo daga tsakiya zuwa bango, da na'ura. A ƙuntataccen tanderun gargajiya kuwa ana gama yawancinsa a ƙasa, wajen tsince tama da fasa ta da auna ta, tun ba a kunna wuta ba. Maƙalar ta nuna cewa wannan aiki na ƙasa shi ne ya fi shafar tanderun Ajaokuta.

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Rano da Kibiya, har zuwa Tarai, ƙasar duwatsu ce da marmara, kuma manomanta sun daɗe da dogara da maƙera. Sai dai maƙerin wannan yanki a yau, kamar takwarorinsa na sauran ƙasar Kano, ba daga tama yake fara aiki ba. Daga sifirin ɗin mota da sauran tsofaffin ƙarafa yake fitar da garma da fartanya da lauje. Ɓangaren sana'ar da ya shafi fitar da ƙarfe daga dutse ya mutu a ƙasar Hausa a cikin ƙarni na 20, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da ragowarsa suka cika kasuwa da arha. Tanderun zuga da aka gina a Ajaokuta don ya maye wannan gurbi a matakin ƙasa kuwa har yanzu ba a taɓa hura shi ba.

Saboda haka ilimin yi wa tanderu lodi ya zama abin da ake karantawa kawai a Nijeriya. Manufar wannan maƙala ita ce amsa tambayoyi uku. Me ya sa inda kowane kaya ya faɗa a cikin tanderu yake da tasiri a kan ƙarfen da za a samu? Ta wace hanya injiniyan zamani da mai dafa tama na da suka shawo kan wannan matsala? Wace hanya ce daga cikin biyun take da abin cewa game da irin tamar da Nijeriya ke da ita?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Rubuce-rubuce a kan wannan batu sun kasu gida biyu, kuma da wuya gidajen su gaisa.

A gidan injiniyoyi, an daɗe ana ɗaukar tanderu a matsayin wurin da idan aka zuba kaya bisa ma'aunin da ya dace, sauran aikin na wuta ne. C. C. Furnas na Hukumar Ma'adinai ta Amurka, a 1929, ya auna yadda gas ke ratsa tarin fasassun duwatsu, ya kuma nuna cewa gauraya manya da ƙanana tana rage sararin da ke tsakaninsu. Sabri Ergun, a 1952, ya fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi wajen ƙiyasta ƙarfin da gas ke buƙata don ratsa irin wannan tari. Babban sauyi ya zo daga Japan tsakanin 1968 da 1971, inda aka kashe wasu tanderu suna tsakiyar aiki, a Higashida da Hirohata da Kukioka, aka sanyaya su, aka tona cikinsu hawa bayan hawa. An tarar cewa shimfiɗun tama da na kok suna nan a jere yadda aka zuba su har zuwa inda tama ke fara narkewa. Daga nan ra'ayin cewa kaya na cakuɗewa da kansu a hanyar sauka ya faɗi.

A gidan masana tarihi, Bernard Fagg ya tono tanderu a Taruga, na al'adar Nok, waɗanda shekarunsu suka kai ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS), R. F. Tylecote kuma ya yi nazarinsu a 1975. J. E. G. Sutton ya yi aiki a Samaru ta Yamma, kusa da Zariya, a shekarun 1970, inda ya samu tanderu da tudun kashin ƙarfe na shekaru dubu na farko na Miladiyya. Gawayin da aka samu a wurin narka tama a gindin Dala ya nuna ƙarni na 7, abin da ya yi daidai da ruwayar baka ta Abagayawa, cewa neman tama ne ya kawo kakansu maƙeri daga Gaya. Nicole Échard ta rubuta bayanin dafa tama a Adar ta Nijar, ta kuma ɗauke shi a fim a shekarun 1960, Philip Jaggar kuma ya nazarci tsarin maƙeran birnin Kano.

Hankalin wannan gida ya fi karkata ga tambayoyi biyu: daga ina sana'ar ta zo, da kuma yaya ake shigar da iska. Muhawarar da ta biyo bayan iƙirarin Schmidt da Avery na 1978, cewa Haya na Tanzaniya suna ɗumama iska a cikin dogayen bututu kafin ta isa wuta, misali ce. Abin da ake zubawa ta sama bai samu irin wannan kulawa ba, in ban da gwajin Tylecote da Austin da Wraith na 1971, da aikin Nicholas David da abokansa a kan tanderun Mafa na arewacin Kamaru a 1989. Za a koma kan ayyukan biyu a sashe na 4.5.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatanci. An ɗauko ƙa'idojin ratsawar gas da zubar kaya daga ilimin tanderun zamani, aka auna bayanan tanderun gargajiya da su. Alƙaluman girma da zafi da nauyi waɗanda aka saba gani ne a manyan tanderu, kuma duk zafi da ma'aunin Salshiyos yake. Inda aka yi lissafi da adadin misali, an faɗa.

A wannan maƙala, tanderun zuga shi ne dogon tanderun zamani da ake hura wa zazzafar iska ta ƙasa, yana fitar da ruwan ƙarfe. Tanderun tama shi ne na gargajiya, mai fitar da curin ƙarfe da bai narke ba. Lodi ya ƙunshi duk abin da ake zubawa ta sama. Kok gasasshen kwal ne. Sinta garin tama ne da aka toya da dutsen farar ƙasa har ya dunƙule, ƙwallaye kuma garin tama ne da aka mulmula aka gasa. Kashin ƙarfe shi ne narkakken dattin da ke rabuwa da ƙarfe.

4.0 Nazari

4.1 Abin da ke sauka da abin da ke hawa

Babban tanderun zuga yakan kai tsayin mita 30 a ciki, faɗin gindinsa ya kai mita 14, yana iya fitar da tan 10,000 na ruwan ƙarfe a rana. Kowane tan yana cin wajen tan 1.6 na tama da kimanin kilo 500 na makamashi. Ana hura iska mai zafin digiri 1,000 zuwa 1,250 ta bututun da ke kewaye da gindi, kok ya ci wuta a gabansu, zafi ya haura digiri 2,000. Gas ɗin da ya tashi daga nan yana ɗauke da kabon monoksaid, wanda shi ne ke ƙwace oksijin daga tama har ta zama ƙarfe.

Lodi yakan ɗauki awa shida zuwa takwas kafin ya sauka daga maƙogwaron tanderu zuwa gindi. Gas kuwa yana ratsa wannan tafiya cikin daƙiƙu da ba su wuce goma ba. A cikin waɗannan daƙiƙu ne dole ya bar zafinsa da ƙarfinsa ga tama, ya fita ta sama yana da zafin digiri 100 zuwa 250 kawai. Gas ba ya zaɓen inda ake buƙatarsa, inda ya fi sauƙin wucewa yake bi. Mai dafa dambu ta san wannan: idan tsaki ya cushe a gefe ɗaya na madambaci, tururi ya bi ɗaya gefen, sai wani wuri ya nuna wani ya tsaya ɗanye. Bambancin shi ne ita tana iya buɗewa ta juya. Mai kula da tanderu, da zarar kaya sun bar na'urar lodi, ba shi da sauran hannu a kansu.

4.2 Dalilin lodi hawa-hawa

Kayan lodi ba su yi kama da juna ba. Kok yana da girman milimita 40 zuwa 80, kuma kubik mita ɗaya ta kok nauyinta wajen rabin tan ne. Sinta na tsakanin milimita 5 da 50, nauyinsa ya ninka na kok fiye da sau uku. Ƙwallaye na tsakanin milimita 8 da 16, sun fi sinta nauyi, kuma da yake zagayayyu ne suna gangarawa da sauƙi.

Da an gauraya waɗannan wuri ɗaya, ƙanana za su cika ramukan da ke tsakanin manya, kamar yadda Furnas ya nuna. Lissafin Ergun ya bayyana girman illar. Idan sararin da ke tsakanin kaya ya ragu daga kaso 45 cikin 100 na tarin zuwa kaso 35, turjiyar da gas zai fuskanta za ta ninka kusan sau biyu da rabi, ko da girman kayan bai canja ba. Wannan ne ya sa ake tankaɗe duk abin da bai kai milimita 5 ba kafin lodi, kuma shi ne ya sa ake zuba kok daban, tama daban, shimfiɗa bisa shimfiɗa.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi. Idan tama ta sauko inda zafi ya kai wajen digiri 1,100 zuwa 1,200, takan yi laushi ta manne da juna, kuma ba ta gama narkewa ta ɗiga sai wajen digiri 1,400. Tsakanin waɗannan matakai biyu, shimfiɗar tama ta zama kamar bango ga gas. Wannan shi ne yankin danƙo da aka gano a Japan. Kok ba ya narkewa a wannan zafi, don haka shimfiɗun kok da ke tsakanin na tama su ne kaɗai tagogin da gas ke bi. Kaurin tagar tun a sama ake yanke shi. A misali, tanderu mai faɗin maƙogwaro mita 10 yana da fili na murabba'in mita 78.5. Tan 20 na kok zai ba da shimfiɗa mai kaurin kusan santimita 51 a wurin, wadda za ta ƙara sirancewa yayin da ta sauka inda tanderu ya fi faɗi. Da aka fara hura garin kwal ta bututun iska don rage cin kok, tagogin sun ƙara ƙuntata, rabon lodi ya ƙara zama abin lura.

4.3 Rabo daga tsakiya zuwa bango

Nan ne ainihin matsalar take. Idan aka juye kaya masu girma daban-daban, ƙanana sukan tsaya inda suka faɗa, manya su gangara gefe. Kowane kaya kuma da irin gangaren da tsibinsa ke tsayawa a kai: kok ya fi tsayawa a tsaye, wajen digiri 35 zuwa 38 na kusurwa, sinta ƙasa da haka, ƙwallaye kuma wajen 25. Ƙari a kan haka, tama mai nauyi idan ta faɗo kan kok mara nauyi takan ture shi gaba, ta kwashe wani ɓangare na shimfiɗarsa zuwa tsakiya. Sakamakon shi ne kaurin tama a kan na kok ba ya zama ɗaya daga tsakiya zuwa bango, ko an so ko ba a so ba. Aikin mai lodi shi ne ya sa bambancin ya faɗa inda yake so.

Lissafin da'ira yana da abin faɗa a nan. A maƙogwaro mai faɗin mita 10, da'irar tsakiya mai nisan mita ɗaya daga cibiya kaso 4 cikin 100 ce kawai ta fili. Zoben mita ɗaya da ke jikin bango kuwa kaso 36 ne. Ke nan tsakiya wuri ne mai arha: ana iya barin ta da kok kusan zalla, gas ya samu mafita, ba tare da an yi asarar fili mai yawa ba. Jikin bango kuma shi ne inda yawancin aikin yake, kuma ƙaramin kuskure a can babba ne.

Siffar yankin danƙo tana bin wannan rabo. Idan tsakiya ta fi kok, zafi yana hawa ta nan, yankin ya yi tsini a tsakiya ya sauko zuwa bango kamar hular dala. Wannan siffa ita ce aka fi so, domin tana ba da tagogi masu yawa, gas ya hau ta tsakiya ya riƙa fantsama gefe ta cikinsu. Zazzafan gas na tsakiya yana kuma fitar da tutiya da gishirin alkali waɗanda in sun taru suke lalata kok da tubalin bango. Idan kuma bango ne ya fi sakewa, gas ya bi jikinsa, zafi ya ɓata a ruwan sanyaya bango, tubali ya ci, tsakiya ta yi sanyi. Akasin haka ma yana da illa: bangon da aka danne da tama da gari har gas ya ƙaurace masa yakan tara ɓawo, tama kuma ta iso gaban bututun iska ba ta gama dahuwa ba. Daga irin wannan ne lodi ke rataye ya ƙi sauka, sannan ya rufta gaba ɗaya.

Ma'aunin da ake duba nasarar rabo da shi shi ne yawan kabon monoksaid da ya yi aiki ya koma kabon dayoksaid kafin ya fita. A tanderu mai tafiya daidai yakan kai kaso 45 zuwa 50 cikin 100. Buɗe tsakiya da yawa yana sauƙaƙa tafiyar tanderu amma yana rage wannan adadi, domin gas ɗin da ya bi ta kok zalla bai taɓa tama ba. Babu rabo ɗaya da ya dace da kowane tanderu. Akwai dai ciniki tsakanin kwanciyar aiki da tsimin makamashi.

4.4 Na'urorin lodi

Tanderun farko buɗaɗɗun baki ne, ana juye musu kaya da baro. A 1850 George Parry, a Ebbw Vale ta Birtaniya, ya sa murfi mai siffar ƙararrawa don a tare gas a yi amfani da shi. Idan aka sauke ƙararrawar, kaya su zame ta gefenta zuwa bango. Daga baya aka ƙara ƙararrawa ta biyu don rufe gas, sannan a farkon ƙarni na 20 aka samu mazurarin McKee mai juyawa, wanda ya hana kaya taruwa a gefe ɗaya. Aibin ƙararrawa shi ne kusan wuri ɗaya take jefa komai: gari ya tsaya kusa da bango, manya su gangara tsakiya. Abin da ya rage wa mai lodi shi ne sauya jerin zubi, ko girman kowane zubi, ko zurfin da kaya za su faɗa. Farantan bango masu motsi da aka ƙara a shekarun 1960 sun ɗan faɗaɗa zaɓin.

A 1972 kamfanin Paul Wurth na Lukzambag ya kafa na'ura mara ƙararrawa a tanderu na 4 na Thyssen da ke Hamborn a Jamus, bisa ƙirƙirar Édouard Legille. Indararo ne mai juyawa, kusan zagaye takwas a minti, wanda kuma ake iya ɗaga bakinsa ko sauke shi. Da shi ana iya zuba kowane kaya zobe-zobe, a fara daga bango a gangaro ciki, a ƙayyade zagaye nawa kowane zobe zai samu. A shekarun 1980 kamfanin Kobe Steel na Japan ya ƙara dabarar zuba zaɓaɓɓen kok a cibiya, bayan an fahimci cewa kok ɗin da aka zuba a nan shi ne ke zama tsibin da ke tsaye a gindin tanderu, wanda ruwan ƙarfe ke ratsawa kafin ya fita. Yau ana auna siffar saman lodi da rada, ana kuma auna zafin gas daga bango zuwa tsakiya.

4.5 Tanderun tama

Kuskure ne a ɗauki tanderun tama a matsayin ƙaramin tanderun zuga. Manufarsu ta bambanta. Tsantsar ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1,538, amma idan ya sha kabon har kaso 4.3 cikin 100 yakan narke a wajen 1,150. Tanderun zuga da gangan yake shayar da ƙarfe kabon don ya zama ruwa, a rage kabon ɗin daga baya a wata na'ura. Maƙeri kuwa ba ya iya ƙera irin wannan ƙarfe, domin fashewa yake yi a ƙarƙashin masaba. Mai dafa tama yana son datti ya narke ya tsiyaye, ƙarfe ya tsaya curi, a zafin digiri 1,100 zuwa 1,300.

Faɗin cikin irin wannan tanderu galibi bai kai mita ɗaya ba. A misali, tanderu mai faɗin santimita 60 da gawayi mai girman santimita 3 gutsure 20 ne kawai ke jeruwa daga bango zuwa bango, alhali a maƙogwaron mita 10 kok mai santimita 5 guda 200 ne. A irin wannan ƙunci kaya ba su da filin gangarawa su ware, iskar bututun yumɓu kuma tana kaiwa tsakiya. Matsalar da ta sa aka ƙirƙiri indararo mai juyawa ba ta da girma a nan. Abin da ya rage shi ne rabo a tsaye: gawayi nawa, tama nawa, a wane jeri, da wane girma.

Gwajin Tylecote da abokansa na 1971 ya nuna cewa yawan gawayi a kan tama shi ne babban abin da ke ƙayyade kabon ɗin da curi zai sha. Gawayi ya yi kaɗan, ƙarfe ya tafi cikin kashi. Ya yi yawa, curi ya wuce ƙarfe mai tauri ya koma wanda ba ya ƙeruwa. Tanderun Mafa da David da abokansa suka nazarta, mai bututu ɗaya da ke saukowa daga sama, ya fitar da nau'i uku a dahuwa ɗaya: ƙarfe mai laushi, da mai tauri, da wanda ya narke. Wannan ya nuna yadda tazarar take da ƙanƙanta, ya kuma nuna cewa ƙwarya ko kwandon da ake awo da shi na'urar sarrafa kabon ce.

Zaɓen gawayi yana cikin wannan lissafi. Fifikon da maƙeran ƙasar Hausa ke bai wa gawayin ƙirya yana da dalili na kimiyya: itace ne mai tauri, gawayinsa ba ya saurin murƙushewa a ƙarƙashin nauyin tama, don haka yana riƙe sararin da gas ke bi. Aikin da kok ke yi a yankin danƙo ke nan.

Sai batun tsince tama, wanda a ganin wannan maƙala shi ne mafi muhimmanci. A yawancin tanderun tama ba a zuba dutsen farar ƙasa. Abin da ke narkar da yashin da ke cikin tama shi ne tsatsar ƙarfen kanta, su haɗu su zama ma'adinin fayalait mai narkewa a wajen digiri 1,200. Bisa nauyin sinadaran, kowane kilo ɗaya na yashi yana tafiya da kusan kilo 1.9 na ƙarfe. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa kashin ƙarfen tsofaffin wuraren dafa tama yake da nauyi da yawan ƙarfe, abin da wasu marubutan farko suka ɗauka rashin ƙwarewa ne. Farashin samun narkakken datti ne a zafin da gawayi ke iya bayarwa. Ya kuma bayyana dalilin doguwar wahalar fasa marmara da tsince baƙin dutse mai nauyi daga jan da ba shi da amfani: duk kilon yashin da aka fitar da hannu ya ceci kusan kilo biyu na ƙarfe. Fasa tama zuwa girma ɗaya da raba ta da gari kuwa amsa ce ga matsalar da Furnas ya auna a 1929.

5.0 Abin da Wannan ke Nufi ga Ajaokuta

An ƙulla kwangilar Ajaokuta da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet a 1979. Matakin farko an tsara shi a kan tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara, da tanderun zuga ɗaya. Adadin da aka fi ambata game da shi shi ne cewa aiki ya kai kaso 98 cikin 100 a 1994. Adadin na gine-gine da injuna ne, bai ce komai ba game da abin da za a zuba a ciki.

Tamar Itakpe, wadda aka tsara tanderun zai ci, tana da ƙarfe wajen kaso 36 cikin 100, yashinta kuma ya kai kaso 40 ko fiye. Bisa lissafin sashe na 4.5, mai dafa tama da ya zuba ta yadda take ba zai samu curi ba, domin yashin ya isa ya cinye ƙarfen duka. Tanderun zuga yana kauce wa wannan da dutsen farar ƙasa, amma yawan datti yana nufin yawan kok da faɗaɗar yankin danƙo. Shi ya sa aka tsara niƙa tamar a Itakpe a tace ta zuwa kaso 63 ko 64. Abin da ke fitowa gari ne, wanda ba ya shiga tanderu sai an mai da shi sinta, sinta kuma yana farfashewa a duk inda aka juye shi tsakanin inda aka toya shi da bakin tanderu. A ɓangaren makamashi, kwal ɗin Inugu ba ya gasuwa ya zama kok mai ƙarfi, na Lafiya-Obi da ke gasuwa kuma yana da yawan toka da farar wuta, don haka sai an haɗa da na waje.

Tan miliyan 1.3 a shekara yana nufin wajen tan 3,600 a rana. Bisa alƙaluman sashe na 4.1, wannan na buƙatar kimanin tan 5,700 na tacacciyar tama da tan 1,800 na makamashi kullum, tacacciyar tamar kuma sai an haƙo fiye da tan 10,000 na ɗanyen dutse kafin a same ta. Tanderun zuga idan aka hura shi ba a kashe shi sai bayan fiye da shekaru goma, kuma duk tsarin zobe da aka tsara wa na'urar lodi an gina shi ne a kan zaton cewa girman kok da ƙarfin sinta na yau daidai suke da na jiya. Idan kaso na gari a cikin sinta ya tashi, zai taru a inda kaya ke faɗawa, ya toshe zoben, gas ya kauce. Ana iya matsar da zoben, amma garin zai bi shi. Saboda haka duk ƙiyasin farfaɗo da Ajaokuta da ya lissafa tanderu da na'urar lodinsa ya kamata ya lissafa, da nauyi ɗaya, injin tace tama na Itakpe, da layin dogon da ya haɗa su, da filin gauraya kaya, da rariyar da ke ƙarƙashin rumbunan sinta da kok.